Hijabin Da Ba Zai Yage Ba

Assalamu alaikum Anti Sadiya,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kada ki sa sunana ko sunan ƙauyenmu. Ban taɓa rubuta wa wani babba takarda ba in ba malamanmu na firamare ba, in na yi kuskure ki yi haƙuri. Ban ma san ta inda zan fara ba. Abin da ke damuna in na faɗe shi a baki sai in ji kamar ba wani abu ba ne, hijabi ne da ƙarfe kawai, amma ni ya hana ni sakat.

Bara na gama firamare. A Malumfashi na tashi wurin Goggona, yayar Babana. Ita ta ɗauke ni tun daga yaye saboda ni ce 'yar fari. A gidanta na san filinki na jarida, don mijinta yana sayen jarida, in ya gama sai in ɗauka in yi ta haɗa baƙi. Allah ya yi mata rasuwa bayan mun yi jarrabawar fita, aka dawo da ni gidanmu, wani ƙauye a gefen Tsiga. An ce za a sa ni sakandare in an yi kaka. An yi kakar, ga shi har wata damina ta kama. Amma ba wannan ce maganar da ta kawo ni ba.

Babana manomi ne, yana kuma sayen masara yana kai wa Funtuwa da Dandume. Yana da tarakta, mu nan tantan muke ce mata. Tsohuwa ce amma tana aiki. Mai tuƙa ta sunansa Jibo, da damina shi ke fita da ita gonakin mutane yin haro da huɗa. Wutar gari kuwa a nan sai a yi mako ba a ga ƙyallinta ba, in ta zo ma kamar ta zo gaisuwa ne. Shi ne Baba ya sayo wani janareta wanda ba shi da injin kansa, tantan ce ke juya shi. An dasa shi a kan siminti a cikin rumfar ƙofar gida, jikin katanga. In Jibo ya dawo daga gona wajen la'asar sai ya shigo da tantan rumfar da baya, ya haɗa wani dogon ƙarfe daga bayanta zuwa jikin janaretan. Shi yana ce wa ƙarfen farfela. In ya tada ita ƙarfen ya kama juyawa, sai wuta ta zo gida har zuwa magariba.

Anti, ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mana amfani ƙwarai. Da shi ake jan ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Matan maƙwabta da yaransu duk nan suke ɗiba, da can sai an je rafi. Da shi firjin Inna ke sanyi, tana ƙulla zoɓo da kunun aya ana kai wa tasha. Maza kuma suna kawo wayoyinsu caji kyauta, Baba ya ce sadaka ce. An sa musu benci a gaban rumfar, nan suke zama su yi ta gardamar taki da ƙwallo har a kashe inji. Ko'ina in aka ambaci gidanmu sai a ce gidan mai wuta. Baba ba ya nunawa amma na san yana jin daɗi.

To ga inda na shigo. Akwai wani mutum mai suna Jimoh, mai haɗa waya ne daga Funtuwa, shi ya yi mana aikin. Ya ce a jikin janaretan akwai mita mai allura, dole allurar ta tsaya a kan kore. In ta faɗi ƙasa firji zai lalace, in ta haura ta kai ja ƙwayayen wuta za su ƙone. An taɓa barinta ta haura kafin in dawo gida, aka ce cajar mutane da yawa ta yi hayaƙi, aka yi ta ba da haƙuri. Kuma allurar ba ta zama wuri ɗaya. Da an kunna injin jan ruwa sai ta faɗi, sai an je an ƙara wa tantan totur. Da tanki ya cika aka kashe sai ta yi sama, sai an je an rage. Jibo da ya tada inji yake tafiya gida cin abinci, tun asuba yake gona, ba na ganin laifinsa. Baba yawanci yana kasuwa. Inna ba ta fita ƙofar gida. Ƙannena ƙanana ne. Sai Baba ya ce tunda yarinyar nan ta yi boko, a bar mata allura.

Haka yake ce mini, yarinyar nan. Bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka, ita 'yar Goggo take cewa, ko ta ce ke. Na san al'ada ce, kunyar 'yar fari ce, ba ƙi ba ne. Amma ni ban tashi a gabansu ba, ban san yadda ake yi musu magana ba. In Baba yana son in yi abu, Inna yake gaya wa ina tsaye a wurin, ita kuma ta juya ta gaya wa ƙanwata ta gaya mini. Tun da na dawo, in ka cire gaisuwar safe, maganar da na yi da shi ba ta fi a ƙirga a hannu ɗaya ba. Ranar da ya ce a bar mini allura ce ranar farko da na ji ya ambace ni a kan wani abu mai muhimmanci. Wallahi Anti na ji daɗi ranar, har na kasa cin abinci.

Bari in gaya miki yadda wurin yake don ki gane. Akwai ƙaramar ƙofa daga cikin gida zuwa rumfar, ta nan nake fitowa, nan nake zama a kan kujera 'yar tsugune ina kallon allura. Amma totur ɗin yana ɗaya gefen tantan. In zan je can, ko dai in zaga ta gaba in ratsa ta tsakiyar mazan da ke kan benci, su janye ƙafafunsu in wuce, ko kuma in tsallake ƙarfen nan yana juyawa, don ta baya katanga ce. Ranar farko na zaga ta gaba. Wani ya ce a ba direba hanya, wani ya ce injiniya a sauke mu Bakori, suka yi ta dariya. Ba da mugunta suka yi ba, sa'o'in Babana ne wasunsu, amma ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da Jibo ya ga haka sai ya ce me zai kai ni can, ga hanya kusa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake ƙarfen ya dawo, ya ce kin gani, shi kullum haka yake yi. Tun daga ranar nake tsallakewa. Tsayin ƙarfen daga ƙasa ya kai gwiwata. Kuma ba zan iya naɗe hijabi sama sosai ba, ga maza can suna zaune, ba zan kuma iya fitowa babu shi ba.

Da ƙarfen ya zo yana da riga, wata roba mai ruwan ɗorawa kamar bututu, yana juyawa a cikinta. Inna ce ta faɗa wata rana tana hira da maƙwabciya. Jibo ya ce tana hana shi sa giris, ya zare ta. Baba ya ga roba mai kyau tana yashe, ya tsaga ta gida biyu ya ɗaura a bakin kwanon ɗakin girki ta zama indararo. Har yanzu tana nan, ita ke zuba ruwan sama a duro. Sannan abin da ke riƙe ƙarfen a jikin tantan ya faɗi a gona, Jibo ya zura wata doguwar ƙusa a wurin ya lanƙwasa kanta. In yana juyawa ba a ganin ƙusar, sai dai wani abu kamar inuwa.

Kwanakin baya hadari ya haɗo da yamma, Inna ta aiko a ce tanki ya cika an kashe ruwa. Na duba allura ta yi sama, na tashi da sauri. Na ɗaga ƙafa ke nan sai iska ta taso ta kaɗa hijabina. Ban ga komai ba, ji kawai na yi an fizgi wuyana ƙasa da ƙarfi, kamar babban mutum ya ja ni, na durƙusa a kan gwiwa. Sai na ji ƙyat, ya yage. Hijabin tsoho ne, na makaranta, tun ina aji biyar nake sa shi, wanki ya cinye shi har ana ganin haske ta jikinsa. Daga ƙasa har kusan ƙuguna ya tafi, kafin in ɗago kai ƙarfen ya naɗe shi tas. Fuskata ba ta fi tafin hannu tsakaninta da shi ba, ina jin iskarsa.

Ba wanda ya gani. Mazan sun tashi suna ta tattara wayoyi saboda ruwa, ga ƙarar inji. Na rarrafa na rage totur ɗin, don allurar na nan a kan ja, sannan na zauna a bayan taya har ruwa ya sauko. Da Jibo ya zo kashewa ya ga tsumma a jikin ƙarfe, sai ya yi ta faɗa wai yara sun mayar da injin mutane abin wasa, ya sa wuƙa ya yanke shi ya yar. Ina jinsa daga cikin gida.

Inna ta ga hijabin ta ce wa ƙanwata a tambayi 'yar Goggo me ya ci mata kaya haka. Na ce ƙusa ce. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi ƙusar ina ba. Ta ce dama ya isa yarwa, kuma yarinya ta fara girma tana zama ƙofar gida da ɗan guntun hijabi, bai dace ba. Ranar kasuwa ta ba da saƙo aka sayo yadi, aka ɗinka mini sabo. Anti, ba a taɓa yi mini abu mai kyau irinsa ba. Ruwan toka ne, har ƙasa yake ja, yadin mai kauri mai santsi. Inna da kanta ta ja shi da hannu biyu tana nuna wa maƙwabciya, ta ce wannan ko an shekara ana wanki ba abin da zai yi. Tsohon kuma ta yayyanka shi ana goge firji da shi.

Tun da na ji ta ce haka tsorona ya ƙaru. Ni na san abin da ya sa nake rubuta miki takardar nan da hannuna, don wancan ya yage ne. Wannan ba zai yage ba.

Yanzu kullum da shi nake fita. In zan tsallaka sai in tattara shi in ƙanƙame a ƙirji, in yi bisimilla, in rufe ido. Wani lokaci in ga allura ta faɗi sai in yi kamar ban gani ba, in yi ta addu'a tanki ya cika da wuri, sai in ji firji yana wani irin gurnani daga ciki, dole in tashi. Na gwada cewa kaina na ciwo, Inna ta ba ni magani ta ce in sha in fita, wa zai duba. Kan ma da gaske yana ciwon, hayaƙin a rumfar yake taruwa. In an kashe inji kunnena ya yi ta ƙara har in kwanta. Da na ji an yi kiran la'asar, ko abinci ba na iya ci sai bayan magariba. Na gaji Anti. Ga wanke-wanke, ga ƙullin zoɓo tun safe, ga raino, duk ban damu da su ba, na saba aiki a gidan Goggo. Tsoron ne ya gajiyar da ni.

Na yi tunanin gaya wa Kaka Hansai, mahaifiyar Baba. Ita kaɗai ce ke kiran sunana a gidan, tana tsokanata tana cewa in na fara tuƙa tantan ita zan fara kai wa Dayi ganin danginta. Amma Kaka ba ta iya magana a hankali ba. In ta ji, a tsakar gida za ta tsaya ta kira Baba da sunan yarinta ta wanke shi tas, har na kan benci su ji. Baba kuma mutum ne mai zuciya, in ransa ya ɓaci cewa zai yi a bar injin gaba ɗaya. To in aka bari, zoɓon Inna fa? Matan unguwa su koma rafi saboda ni? Ko ya kori Jibo, mai mata da 'ya'ya. Kuma za a ce abu ɗaya da aka ba yarinyar nan ta kasa. Watakila ma a ce 'yar birni ce, Goggo ta sangarta ta. Jibo shekara nawa yana tsallakewa ba abin da ya same shi.

Wata ƙawata Chiamaka, tare muka yi firamare, suna zuwa da mamanta sayen masara ranar kasuwarmu. Ita kaɗai na gaya wa. Ta ce in gudu in bar musu injinsu, na ce in gudu ina. Ita ce ta ce in rubuto miki, za ta ɗauki hoton takardar da wayar mamanta ta turo.

Anti me zan yi? Akwai wata hanyar ɗaura hijabi da ba zai kama ba? Ko in roƙi a yanke shi ya zama guntu, to me zan ce wa Inna? Ko in ci gaba da yin a hankali kawai? Don Allah ki ba ni amsa, ko gajeruwa ce.

Taki,
'Yar Fari, daga gefen Tsiga

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Ranar da takardarki ta iso ban jira jarida ta fito ba, na tura saƙo ta wayar maman ƙawarki, ina fata ya same ki. Abin da na ce a can shi zan fara maimaitawa a nan: kada ki sake tsallake ƙarfen nan yana juyawa. Ko sau ɗaya. Ko allura ta kai ƙarshen ja, ko ƙwayayen gidan duka za su ƙone. Ana sayen firji a kasuwa, ke kuwa ba inda za a samo wata.

Kin tambaye ni yadda za ki ɗaura hijabi. Babu. Na kai maganarki wurin wani tsohon makanikin tarakta da na sani, ban gama karanta masa ba ya dafe kai. Ya ce ƙarfen nan ba ruwansa da guntu ko dogo, yana kama bakin zane, yana kama hannun riga, yana kama igiyar wando, kuma saurinsa ya fi saurin hannun mutum nesa ba kusa ba, balle an soka masa ƙusa. Ya ce robar da aka cire ba ado ba ce, saboda irin ranar da kika gani aka yi ta. Shi ma Jibo da yake tsallakewa ba gwaninta ce ke tsare shi ba, Allah ne bai kawo ranar ba. Saboda haka ki cire wa ranki cewa ke ce matsoraciya ko sangartacciya. A duk gidan ke kaɗai ce kika san gaskiyar abin, don ke ya taɓa.

Ban ga mugu a cikin labarinki ba. Mahaifinki mutum ne da ya kawo wa gidansa da unguwarsa ruwa da haske, ya ga roba tana yashe ya yi mata amfani kamar yadda kowane manomi zai yi. Da ya ba ki allura, yarda ce ya nuna miki ta hanyar da ya iya. Mahaifiyarki da ta zaɓo yadi mafi ƙarfi a kasuwa, so ne ya sa, bakinta ba zai iya faɗa miki ba sai hannunta ya faɗa. Ni ma 'yar fari ce, har mahaifiyata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, amma ranar da na kwanta ciwo ita ta fi kowa ramewa. Kunyar nan a baki take tsayawa. Sai dai fa ga inda ta kai ku: uba bai san inda 'yarsa ke taka ƙafa ba, uwa ta ɗinka abin da zai iya jawo 'yarta cikin inji, ita kuma 'yar ta yi shiru don kada ta ɓata wa kowa. Su ba su sani ba. In wani abu ya same ki, ki tuna da wannan za su rayu har ƙarshen ransu, musamman wadda ta sayo yadin. Shirun da kike yi don ki tausaya musu, ba tausayi ba ne.

Kin lissafo abin da kike tsoro, zoɓon Inna, ruwan unguwa, aikin Jibo. Na yaba da hankalinki, amma kin ɗora wa kanki kayan da ba naki ba, kuma ba a kai nan ba. Ba injin za a bari ba, gyara za a yi, gyaran kuma bai kai wahalar haƙa rijiyar da mahaifinki ya riga ya yi ba. Makanikin ya ce ana samun rigar ƙarfen nan wurin masu kayan tarakta a Funtuwa ko Zariya, haka ma abin da aka maye gurbinsa da ƙusa. Ya ce mai haɗa wayarku zai iya jawo mita ya kafa a gefen da totur yake, yadda mai dubawa zai tsaya wuri ɗaya ba sai ya ƙetara komai ba. A yi wa bayan tantan shinge, ko na katako ne, saboda ƙannenki da yaran masu ɗiban ruwa. A kuma buɗe wa hayaƙi hanyar fita, ciwon kan nan naki ba na banza ba ne. Ko bayan an yi duk wannan, ba a tsallake shi, kuma duk mai son taɓa wani abu a bayan tantan sai an kashe ta ƙarfen ya tsaya cik.

Sannan in faɗi wadda ba za ki so ji ba. Totur ɗin tarakta ba aikin yarinya mai shekarunki ba ne, ko da riga a jikin ƙarfen ko babu. Ga maza majiya ƙarfi a kan benci suna shan wuta kyauta kullum, a cikinsu ba za a rasa wanda zai miƙe ya taɓa totur ba in mai gida ya nema. In ana son bokonki ya yi amfani kafin a matsar da mitar, ki duba allura daga bakin ƙofarki ki faɗa, wani babba ya ƙara ko ya rage. Yardar da Babanki ya yi miki ba za ta tafi don kin gaya masa gaskiya ba. Mai kula da inji na ƙwarai shi ne wanda in ya ga ɓaraka yake faɗa.

Wa za ki gaya wa? Kaka Hansai. Dama don irin wannan ake da kaka a gida, abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uba ba, ta bakinta yake bi. Ki same ta a ɗakinta da hantsi, lokacin da gida ya yi shiru. Ki fara roƙonta cewa maganar a ɗaki za ta yi ta da ɗanta, ba a tsakar gida ba, ki gaya mata kina tsoron a bar injin ko a kori Jibo. Tsofaffi masu faɗa sun fi kowa sanin lokacin da ake rage murya. In kuma ta ɗaga, to ta ɗaga. Fushin mahaifinki na yini ɗaya ne, zai huce, kuma ina kyautata zaton ba fushi zai fara yi ba, salati zai yi. Innarki ma kada ki bar ta a duhu, ki ƙarasa mata maganar da kika fara, ki gaya mata ƙusar ina ce. In ba za ki iya kallonta ba, ki faɗa kina ƙullin zoɓo kanki a ƙasa, za ta ji.

In la'asar ta riske ki ba ki samu yin maganar ba, aka ce ki fita, ki tsaya a bakin ƙofa ki ce kina tsoron ƙarfen, ya taɓa kama ki. Ba rashin kunya ba ne, ba saɓa wa iyaye ba ne. Babu iyayen da suka aiki 'yarsu da nufin kada ta dawo.

Ku kuma iyaye maza masu irin wannan inji a gida, na san kuna karantawa. Yau in an tada shi, ku je da kanku ku tsaya ku ga waye ke zuwa kusa da shi, da wace sutura, ta wace hanya.

'Yata, kin iya rubutu, kin bayyana mini rumfar nan har ina ganinta. In wannan ta lafa, ki sake kama Kaka da maganar sakandare, kada ki bari ta kwanta. Amma yanzu abu ɗaya ne a gabanki, kuma na yau ne, ba na gobe ba. In kin shiga ɗakinta murya ta ƙi fita, kada ki juya. Ki kama hannunta ki kai ta rumfar tun Jibo bai dawo ba, ki ɗora yatsanta a inda kika durƙusa, ki ce nan ne. Sauran ita za ta yi.

Allah ya jiƙan Goggonki da ta yi miki tarbiyya. Allah ya tsare ki, ya sanyaya zuciyar iyayenki a kanki, ya ba ki barci mai daɗi.

Antinki,
Sadiya